Minti 25 a gaban baƙuwa: yadda na zama lauya karo na biyu

Ranar da sakamakon zamana na farko a kashi na biyu na jarrabawar zama lauya a Ingila ya fito ina ɗakin wanki na gidan kula da tsofaffin da nake aiki a Manchesta, ina ninke zannuwan gado. Saƙo ya shigo wayata cewa a je a duba. Na jingina da injin busar da kaya, na buɗe, na karanta sau biyu. Ban ci ba. Na mayar da wayar aljihu na ci gaba da ninki har kwandon ya ƙare, don na san da zarar hannuna ya tsaya kuka ne zai ƙwace mini, ga kuma wata tsohuwa tana jiran in kai ta wanka. Fam 2,766 na biya kafin a bar ni in zauna wannan jarrabawa, ban da kuɗin littattafai da na kwas, kuma wata da watanni muka yi ni da maigidana muna tara su. Sai da na hau bas da yamma na samu kujerar baya, sannan na saki hawayen, ina ta maimaita Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni haifaffiyar cikin birnin Kano ce. A Jami'ar Bayero na karanta shari'a, inda ake haɗa wa ɗalibi dokar da muka gada daga Turawan Ingila da shari'ar Musulunci. Daga nan na wuce makarantar horar da lauyoyi ta Bagauda, aka yaye mu a Abuja, na sa baƙar riga na ɗora hular lauyoyi a kan ɗankwalina. Baba ya ɗauki hoton ya rataye a zaurensa. A Najeriya, ranar da aka yaye ka kai barista ne kuma solisita a lokaci guda. A Ingila kuwa aikin ya rabu gida biyu. Barista ya fi tsayuwa a manyan kotuna. Solisita shi ne wanda mutum ke fara zuwa wurinsa da damuwarsa, shi ke rubuta wasiyya, ya bi cinikin gida, ya je ofishin 'yan sanda da tsakar dare idan an kama wani, ya tsaya a ƙananan kotuna.

Hidimar ƙasa kawai na yi a wani ofishin lauyoyi, aure ya kawo ni Ingila a 2019, inda mijina ke aikin jinya a asibiti. Sai haihuwa, sai annobar korona, sai wata haihuwar. Takarduna suka kwanta a ƙasan akwati, ni kuma na kama aikin kula da tsofaffi, wanda ba na raina shi ko kaɗan, don shi ya biya mana haya shekaru da dama.

A watan Satumban 2021 hukumar da ke kula da solisitoci a Ingila da Wales, wadda ake kira SRA, ta buɗe sabuwar hanya: jarrabawa guda ga kowa, ko a ina ka yi karatu. SQE ake kiranta, kuma kashi biyu ce. Lauyan da aka riga aka yaye a wata ƙasa ba a neman ya yi shekara biyun koyon aiki da ake ɗora wa sababbi. Har ma yana iya neman a yafe masa kashi na biyu idan ya kawo shaidar cewa ya yi aikin lauya na shekara biyu. Ni ban kai ba, don haka duka biyun suka hau kaina.

Kashi na farko bai ba ni wahalar da ake faɗa ba. Tambaya 360 ce a kwana biyu, kowace da amsoshi biyar ka zaɓi wadda ta fi dacewa. Wanda ya tashi da allo a hannu hadda ba ta ba shi tsoro. Na yi ta bayan sallar asuba, na yi ta a bas, na yi ta a hutun minti 20 na wurin aiki, na zauna a watan Yulin 2023 na ci. Wannan cin shi ya ruɗe ni. Na ɗauka kashi na biyu ma ƙarin hadda ne.

SQE2, wato kashi na biyu, ba ta tambayarka me doka ta ce. Aiki take ba ka ta ce yi mu gani. Gwaji 16 ne, 12 a rubuce a kwamfuta cikin kwana uku, huɗu kuma da baki cikin kwana biyu. Ba a shiga da littafi. A na rubutu akwai nazarin matsalar da aka kawo, minti 60. Binciken doka daga takardun da za a tula maka, wasu masu amfani wasu na ɓata lokaci, shi ma minti 60. Rubuta wasiƙa, minti 30. Da tsara takardar shari'a, minti 45. A na baki akwai tsayuwa gaban alƙali: a ba ka fayil ka yi minti 45 kana shiri, ka shiga ka yi minti 15 kana roƙon kotu, wani gogaggen solisita yana zaune a matsayin alƙali yana jefo maka tambaya. Sai kuma hira da mai neman shawara. Minti 10 na karanta takarda, minti 25 na zama da mutumin, sannan minti 25 ka rubuta da hannunka abin da kuka tattauna da abin da doka ta ce a kai. Mutumin nan ɗan wasan kwaikwayo ne da aka horar, kuma shi da kansa zai ba ka maki a kan yadda ka saurare shi, yadda ka yi masa tambaya, da ko hankalinsa ya kwanta da kai. Rabin makin jarrabawar gaba ɗaya na sanin doka ne, rabi na iya aiki. Na karanta wannan tun farko, amma bai shige ni ba.

Na zauna a farkon 2024, tsakiyar hunturu, lokacin da ƙarfe biyar ba ta yi sai duhu ya rufe. An ɗauki alkawarinmu cewa ba za mu faɗi tambayoyin ba, kuma ba zan faɗa ba. Abin da ni na yi dai zan iya faɗa. Na shiga ɗakin hira da jerin tambayoyi da na haddace, na gaishe da matar, na sunkuyar da kai a kan takardata, kuma kusan ban ƙara ɗagowa ba. Tana cikin magana ta ambaci wani abu da ya tuna mini da sashen doka, sai na katse ta na fara yi mata bayani. Ta yi shiru, ta ce to. Akwai wurin da muryarta ta sauya, na ji sarai, amma na tsallake zuwa tambaya ta gaba don abin da ya kamata in tambaya ya yi mini nauyi a baki. A gaban alƙali kuma na ɓata mintuna masu tsada wajen gabatarwa da ban-girma da ba da tarihin shari'ar tun daga tushe, irin yadda na saba ji a kotunanmu. Ban kai ga abin da nake roƙo ba sai da lokaci ya kusa ƙarewa. Duk da haka na fito ina ganin na yi ƙoƙari, tunda babu dokar da na manta.

Kwana uku bayan sakamakon na iya kiran Baba. Shi tsohon magatakardan kotun shari'ar Musulunci ne, ya yi ritaya da daɗewa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Mamana, a ina suka ce kin gaza?"

Na ce, "Baba, dokar na sani, makina a nan bai yi laifi ba. Wajen zama da mutum da tsayuwa gaban alƙali ne ya zube."

Ya ɗan yi shiru, ina jin ƙarar rediyonsa daga nesa. Sannan ya ce, "Na shekara ina zaune a gefen alƙalai ina rubutu. Mace za ta zo ta ce mijinta ba ya ba ta kuɗin cefane. Sau da yawa ba cefanen ne ya fito da ita daga gida ba. Alƙalin da ya san aikinsa sai ya yi shiru, ya bar ta ta yi ta kewaye har ta iso inda za ta. Ke kin bar su sun iso?"

Na ce, "Ban bari ba, Baba."

Ya ce, "To ai kin ga ba a zalunce ki ba. Allah ya yi miki albarka. Ki sake."

Sau uku kawai ake ba mutum damar zama, kuma dole ka gama komai cikin shekara shida. Saura biyu ke nan. Maigidana bai ce komai a kan kuɗin da suka tafi ba. Ya ɗauki ƙarin aikin dare, ya ce in rage nawa kwanakin.

Abu na farko da na fuskanta shi ne maganar kunya. A gidanmu yarinya ba ta haɗa ido da babba, ba ta tambayar dattijo nawa ya mallaka, ba ta yi wa mai rai zancen mutuwarsa. Ba na cikin masu cewa wannan ciwo ne da ya kamata a warke daga gare shi. Kunya ɓangare ce ta imani, kuma haka nake tarbiyyar 'ya'yana. Amma na zauna na yi wa kaina hisabi. Idan matar da mijinta ya rasu ta zo wurina, na kasa tambayarta ko mamacin yana da ɗa a wani wuri, wa na kare? Ba ita ba. Kaina na kare daga jin nauyi na minti ɗaya, ita kuma na bar ta da rigimar da za ta iya cinye mata gida. Ungozoma ba ta kawar da kai don kunya. Lauya ma an ba shi amanar ganin abin da ake ɓoye wa kowa, kuma ladabinsa yana cikin yadda ya tambaya da yadda ya riƙe sirrin.

Makarantata ta farko a wannan zagaye ita ce wurin aikina. Akwai wani tsoho, tsohon direban bas, mai magana da harshen mutanen Manchesta wanda sai ka kasa kunne sosai. Da can ina gyara masa gado yana magana ina cewa "eh, eh" hankalina na kan agogo. Sai na fara jawo kujera in zauna daidai tsayinsa, in dube shi, in yi tambaya guda in rufe baki. Na riƙa ƙirga biyar a zuciyata bayan ya yi shiru kafin in ce wani abu. Kusan kullum a cikin wannan biyar ɗin yake faɗin ainihin maganar. Wata rana yana ba ni labarin motar da ya fara tuƙawa, ya yi shiru, na ƙirga, sai ya ce ɗansa bai zo ba tun Kirsimeti. Shekara biyu ina yi masa hidima ban san yana da ɗa ba.

Makaranta ta biyu kotun majistare ce da ke tsakiyar gari. Kowa na iya shiga ya zauna a bayan kotu ya saurara, ba a biyan ko kwabo. Duk ranar Talata bayan na kai yara makaranta sai in hau jirgin cikin gari in je in zauna da ɗan littafina. A nan na ga yadda ake neman beli. Wata matashiyar lauya ta miƙe, ba ta yi minti shida ba ta zauna, kuma babu abin da ta bari. Jimlarta ta farko ita ce abin da take roƙo. Sannan ta tuna wa kotu cewa a ƙarƙashin dokar beli ta 1976 asali wanda ake tuhuma yana da haƙƙin beli, mai gabatar da ƙara ne zai nuna ƙwaƙƙwaran dalilin hana shi. Ta ɗauki dalilansa ɗaya bayan ɗaya. An ce zai gudu? Ga adireshin mahaifiyarsa, zai miƙa fasfonsa, zai riƙa kai kansa ofishin 'yan sanda. An ce zai sake aikata laifi? A sa masa dokar hana fita da dare, a ɗaura masa na'ura a ƙafa. An ce zai tsoratar da shaidu? A hana shi shiga unguwar da tuntuɓarsu. Alƙali ya katse ta da tambaya, ta amsa kai tsaye, ta koma inda ta tsaya. Babu kirari, babu doguwar shimfiɗa, kuma ban ga ladabinta ya ragu ba. Gani ya kori ji. Abin da littafi ya kasa koya mini a wata shida na gan shi a safiya guda.

Daga nan kicin ɗina ya zama kotu. In ɗora waya a kan tukunya, in saita agogo minti 15, in tsaya ina roƙon firiji ya yanke hukunci ba tare da an kai ga cikakkiyar shari'a ba, saboda ɗaya ɓangaren ba shi da wata dama ta haƙiƙa ta yin nasara kuma babu wani dalili mai ƙarfi na a saurari ƙarar. Sannan in kalli bidiyon in ga inda na yi sauri, inda idona ya koma ƙasa, inda na yi ta maimaita magana guda. Wasiƙu kuma mijina ne alƙalinsu. Ya dawo daga aiki a gajiye, in miƙa masa abin da na rubuta a minti 30. Idan ya kai layi na uku bai gane me ake so ya yi ba, sai ya miƙo mini ya ce, "Maman yara, ni ba lauya ba ne, kuma wanda za ki rubuta wa ma ba lauya ba ne." A Bagauda an yaba mini saboda manyan kalmomi. Yanzu su nake bi ina cirewa.

Hira ce ta rage, kuma ita ba a yin ta da firiji. Muna da maƙwabciya, wata Hajiya 'yar Zariya da ta haura shekara 30 a Ingila, ita ta riƙe ni kamar 'ya tun zuwana, ita ta yi mini wankan jego. Na roƙe ta ta riƙa zama mini mai neman shawara. Ina rubuta mata labari a takarda, ta karanta, ta zo ta zauna a falona muna yi da Turanci, agogo na tafiya. Ta iya abin sosai, har takan ƙara nata gishirin.

Wata Asabar a watan Agusta na ba ta labarin matar da mijinta ya rasu bai bar wasiyya ba. Wannan fanni ya daɗe yana ɗaure mini kai, don a ƙwaƙwalwata rabon gado ilimin fara'id ne: mace mai 'ya'ya tumuni ne rabonta, iyaye suna da nasu, namiji yana da rabon mata biyu. Dokar Ingila ba haka take ba. Idan babu wasiyya kuma akwai 'ya'ya, matar ko mijin da ya rage shi ke ɗaukar kayan amfanin mamacin, da fam 322,000 na farko, da rabin abin da ya saura, 'ya'ya su raba ɗaya rabin daidai wa daida. Iyayen mamaci ba su da komai a wannan hali. Amma duk wannan sai idan doka ta san da auren.

Muka fara. Na gaishe ta, na yi mata ta'aziyya, na bar ta ta ba da labari. Da muka zo kan aure na ɗaga ido na dube ta na ce, "Zan yi miki wata tambaya, kuma zan gaya miki dalilin yin ta. A ina aka ɗaura aurenku, kuma an yi masa rajista?" A takardar da na ba ta amsar tana nan a rubuce. Hajiya ba ta duba takardar ba. Ta yi shiru. Na ƙirga biyar. Na ƙara biyar. Sai ta ajiye takardar a kan cinyarta ta juya harshe zuwa Hausa.

"'Yar nan, kashe agogon. Wai in aure a masallaci kawai aka ɗaura shi a ƙasar nan, ba aure ba ne?"

Na ce, "Hajiya, a wurin Allah aure ne cikakke. A wurin dokar Ingila kuwa ya danganta. Wa kike tambaya a kansa?"

'Yarta ce. Shekara tara da aure, yara uku. A falon gidan wani malami aka ɗaura, aka biya sadaki, aka yi walima, ba wanda ya yi zancen rajista. Gidan da suke ciki sunan mijin kaɗai ne a takarda. Kuma watanni biyu da suka wuce likitoci suka gano masa ciwon zuciya. Hajiya ta ce tun ranar da na fara ba ta waɗannan labarai na gado ba ta yi barcin kirki ba, amma ta rasa ta inda za ta fara.

Jikina ya yi sanyi. Shekara biyar ina shiga gidan matar nan ina cin tuwonta, ina da digirin shari'a, ban taɓa tambaya ba.

Na gaya mata abin da na sani. Auren da aka ɗaura a Najeriya bisa ƙa'idar can, Ingila tana karɓarsa. Wanda aka ɗaura a nan kuwa sai ya bi dokar aure ta nan, ko dai a ofishin rajista, ko a masallacin da aka yi wa rajistar ɗaura aure tare da cika sharuɗɗan. A 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci a kan wani aure da aka ɗaura ta hanyar addini kawai, ta ce a idon doka ba a yi aure ba. Ma'ana, idan Allah ya yi wa mijin rasuwa ba wasiyya, 'yarta ba magajiya ba ce. Dukiyar ta yaran ce, a riƙe musu har su kai 18. Abin da ya rage mata sai ta shigar da ƙara a ƙarƙashin wata doka ta 1975 a matsayin wadda suka zauna tare aƙalla shekara biyu, kuma a ƙa'ida cikin wata shida daga ranar da aka ba da izinin raba gadon. Mace tana cikin takaba tana bin kotu.

Hajiya ta ce, "To ki rubuta masa wasiyyar mana, tunda kin iya."

Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ba yanzu ba. Ban zama solisita a ƙasar nan ba tukuna, kuma wannan ba abin da za a yi gwaji da shi ba ne. Zan raka su wurin wanda ya cancanta." Na ƙara mata da abu guda da na ce kada su manta: su fara yin rajistar auren kafin wasiyyar, ko su gaya wa lauyan cewa suna shirin yi. A dokar wasiyya ta 1837, aure yana soke wasiyyar da aka rubuta kafinsa, sai fa idan an rubuta ta da niyyar wannan auren. Kuma shaidu biyun da za su sa hannu kada a ɗauko su daga masu rabo ko matansu ko mazansu, don duk wanda ya shaida, rabonsa ya faɗi. Na kuma kwantar mata da hankali cewa doka ba ta hana Musulmi ya rubuta wasiyyar da za ta raba dukiyarsa bisa fara'id ba. Rashin rubutawar ne ke jawo a yi masa rabon da bai zaɓa ba.

Bayan ta tafi na zauna na rubuta bayanin zaman da hannu, minti 25, kamar a jarrabawa. Shi ne karo na farko da rubutun ya zo mini ba tare da na yi ta lalube ba, domin na san wace ce a gabana, na san abin da take tsoro, na san abin da ya kamata a yi gobe da safe. A cikinsa har na lura da abin da jarrabawar ke yawan ɓoyewa a tsakiyar labari ba tare da an yi maka ishara ba, wato ɗa'ar aiki. Hajiya ce ta kawo maganar, amma mai wasiyya surukinta ne. Lauyan da zai rubuta dole ya gana da shi shi kaɗai, ya tabbatar da son ransa ne, ba matsin surukai ba.

A watan Oktoban 2024 na sake zama. Kuɗin ya ƙaru zuwa fam 2,902. Ranar gwajin baki na yi sallar asuba, na karanta abin da ya sauwaƙa, na bar yara suna barci. A wurin aka karɓe wayoyinmu, aka zaunar da mu a ɗaki muna jira, kowa ya yi tsit. Da aka buɗe mini ƙofar ɗakin hira, na ajiye takardata a gefe, ban riƙe ta a gaba ba. Na faɗi sunana, na faɗa wa mutumin yadda zaman zai kasance, na ce ya fara daga inda ya ga dama. Hannuna na rawa a ƙarƙashin tebur, amma idona na kansa. Akwai wurin da ya tsaya. Na ƙirga. Ya ci gaba, kuma abin da ya faɗa bayan shirun nan a kansa na gina rabin bayanin da na rubuta. Ba zan ce komai ya tafi daidai ba. A binciken doka lokaci ya ci ni, sakin layi na ƙarshe a guje na rubuta shi. Na fito ban san matsayina ba, na bar wa Allah.

Tsakanin jarrabawa da sakamako aka ɗaura auren 'yar Hajiya a ofishin rajista, bayan sun ba da sanarwa sun jira kusan wata guda kamar yadda doka ta tanada. Ni ce ɗaya daga cikin shaidu biyu. Yaransu uku suna tsaye a gefe cikin kayan sallah, babbar tana tambayar kakarta me ya sa Mama da Abba suke sake aure. Mako biyu bayan nan suka je wurin lauya aka rubuta wasiyya. Mijin yana nan da ransa, yana shan magani.

Sakamako ya fito ana saura kwanaki a fara azumin 2025. Wannan karon a gida nake, mijina na tsaye a bayana. Shi ya fara gani, ya ce Allahu Akbar, ni kuma na yi sujada a kan tayil ɗin kicin, daidai inda na yi wata biyar ina tsayuwa. Na kira Baba, na kasa magana, sai da ya ce, "Mamana, kuka na ji ko dariya?" Na ce, "Baba, na ci." Ya ce Alhamdulillahi sau uku, na ji yana kiran Inna daga tsakar gida.

Bayan binciken hali da cancanta da hukumar ke yi wa kowa, aka shigar da sunana cikin rajistar solisitoci. Ranar da na bar gidan tsofaffi na je na yi sallama da tsohon direban nan, na zauna a kujerar da na saba, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

Yanzu ina aiki a wani ƙaramin ofishi, a sashen wasiyya da gado. Makon da na fara, aka turo mini wani dattijo mai farin gemu, sa'an Baba, ya zo da ɗansa. Na gaishe su, na roƙi ɗan ya ɗan jira mu a waje, na kawo wa dattijon ruwa. Ya yi ta ba ni labarin shagonsa da shekarar da ya zo ƙasar nan. Da ya numfasa na ce, "Baba, ka gafarce ni, zan tambaye ka wasu abubuwa masu nauyi, kuma duk abin da ka faɗa a ɗakin nan zai tsaya. Iyali nawa ne, kuma a ina aka ɗaura kowane aure?" Ya dubi ƙofar da ɗansa ya fita, ya dubi hannuwansa. Na ajiye alƙalamina na jira shi.